Marasa Tsintsiya

Litinin, 5 ga Mayu

Yau Tsaf-tsaf ya shafa min kashin kaji a gaban kowa.

Taron mako muke yi a ƙaramin ɗakin nan mai fanka mai kuka. Dama kafin a aika takardata a buga, Farfesa ya ce sai wani ya maimaita gwajina shi kaɗai a ɗakin gwaji na sama, ba tare da na leƙa ba. Na yarda, har na ce a ba Tsaf-tsaf, hannunsa mai kyau ne. Da bakina na faɗa. Yau ya miƙe, ya gyara farar rigarsa da ta sha guga, ya haska zane a bango. Layi biyu suna hawa tare kamar tagwaye. A nawa zanen ɗaya ne yake hawa, ɗayan yana kwance a ƙasa. Wai ya bi hanyar da na rubuta kalma bayan kalma, ya yi ya sake yi. "Duka biyun suna girma, ranka ya daɗe. Ban ga bambanci ba." Ko inda nake bai kalla ba.

Wata daga baya ta ce "hmm". Na san muryar. Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Bari in rubuta a nan, tunda a can ba wanda ya bari na kai ƙarshen magana. Jikin mutum ba ya zuba wa ƙwayar cuta ido. Fararen ƙwayoyin jini suna haɗiye ta, su feshe ta da wata iska mai guba, naitirik oksaid, mu dai NO muke ce mata. Iskar tana kama ƙarfen da ƙwayar take numfashi da shi, ta shaƙe ta. To ita ma ƙwayar ba sakarya ba ce. Da ta ji ƙanshin NO sai ta ƙera wani furotin da yake haɗa gubar da oksijin ya mayar da ita gishiri marar illa. Ni na raɗa masa suna tsintsiya, duk ɗakin suka ɗauka. Na ɗebo ƙwayoyin da ke sa ciwon mafitsara, na goge wa wasu umarnin ƙera tsintsiyar daga gadon halittarsu, na bar wasu da tasu. In na zuba musu NO a romon da muke kiwonsu, masu tsintsiya sukan ɗan yi turus, sannan su ci gaba da hayayyafa har romon ya yi fari kamar ruwan wankin shinkafa. Marasa tsintsiya kuwa romonsu garau, kana hango yatsanka ta bayan kwalba. Digirina na dakta a kan wannan ya tsaya: a samo maganin da zai karya tsintsiyar, jiki ya ƙarasa aikin da kansa.

Shekara uku ina ganin abin nan da idona. Yanzu an ce babu. Ba wanda ya furta, amma na ga abin da ke ran kowa, wai da hannu na zana layin.

Talata, 6 ga Mayu

Tsaf-tsaf ya gaishe ni a bakin ƙofa. Na wuce kamar bango ne ya yi magana.

Laraba, 7 ga Mayu

Mutumin da bara ya zo mana daga ɗakin gwajin asibiti bai san inda ake kunna injin girgiza ba. Ni na nuna masa komai, har wurin da mabuɗin firiza yake ɓuya. Ni na sa masa Tsaf-tsaf, don yakan goge tebur kafin aiki, da tsakiyar aiki, da bayan aiki, in ka tsaya kusa kai ma ya goge ka. Da Farfesa yake shakkar ɗaukarsa ni na tsaya masa. Yaya kaza, Yaya kaza, duk rana. Ashe wuƙa yake wasawa.

Da yamma na ba maigidana, Baban Auta, labari. Yana zaune yana makin takardun lissafin ɗalibansa, jan biro a hannu. Ya saurara har ƙarshe, ya ce abin bai yi daɗi ba, sannan ya ɗago ya ce, "Amma Dakta, kin tabbata ba ki yi kuskure a wani wuri ba?"

Na tabbata! Ni yake tambaya, kamar ɗalibar da ya kama da amsa a tafin hannu. Na ɗauke farantin gabansa bai gama ci ba. Kuma na ce kar ya sake kirana Dakta, in zolaya ce ta ishe ni.

Alhamis, 8 ga Mayu

Ofishin Farfesa. Ya cire tabarau ya mayar, ya sake cirewa. Doka ce, wai, in sakamako biyu suka ci karo dole a sanar da kwamitin ɗa'ar bincike. Za su zauna ranar ashirin da tara. Kafin nan takardata ta tsaya, ranar kare digiri ma ta tsaya. Kowa zai sake gwajin a ɗakinsa, daga kwalba ɗaya ta cikin firiza, Farfesa da kansa zai raba mana.

Ya ce, "'Yata, ba wanda ya ce kin yi ƙarya."

Na ce to me aka ce, ranka ya daɗe? Ya shiga neman wata takarda a tebur da ni da shi mun san babu ita.

In kwamiti ya ce ƙirƙira na yi, shi ke nan. Ba digirin kawai ba, ba ɗakin gwajin da zai sake ba ni ko wankin kwalba.

Asabar, 10 ga Mayu

Inna ta kira. Ta gama shelanta wa ƙawayenta 'yarta za ta zama dakta, tana tambaya wane launi za ta ɗinka na ranar. Na ce ta ɗan dakata. Ta ce lafiya? Na ce lafiya lau, layi ne ba kyau.

Litinin, 12 ga Mayu

Na gano, ko na ɗauka na gano. Garin sinadarin da muke jiƙawa ya saki NO ɗin ba ya son wasa. In ka jiƙa shi ka bar shi a ɗumi, kafin ka juya ya gama sakin iskarsa a banza, ruwa kawai za ka zuba wa ƙwayoyin. Mutum mai tsayawa goge tebur kafin ya ɗaga hannu ai dole garin ya mutu yana jira.

Na tare shi a matakala. Na yi masa wankin babban bargo, ɗalibai suna wucewa suna sunkuyar da kai. Na ce masa bincike ba awon fitsari ba ne, in abin ya fi ƙarfinsa ya koma inda ya fito ya ci gaba da liƙa wa kwalabe suna. Ya tsaya riƙe da ƙarfen matakala har na gama.

"Yaya, abin da na gani na faɗa. In na faɗi wani abu daban ai na cuce ki."

Ji min mutum. Wai taimakona ya yi.

Laraba, 14 ga Mayu

Nawa ya fito yadda ya saba. Masu tsintsiya fari, marasa tsintsiya garau. Na ɗaga kwalbar sama a tsakiyar ɗaki na ce duk mai ido ya zo ya gani. Mutum biyu suka leƙo, suka ce ma sha Allah, suka koma. Na ga abin da idonsu yake cewa: wa ya san abin da ta zuba a ciki.

Alhamis, 15 ga Mayu

Ni na haɗa ruwan NO da hannuna, sabo, cikin ƙanƙara, Farfesa ya hau da shi sama da kansa ya miƙa wa Tsaf-tsaf.

Juma'a, 16 ga Mayu

Duka biyun sun girma masa. Ba garin ba ne.

Na ce to ya haɗa ƙwayoyin ne, ya ɗauki masu tsintsiya sau biyu. Aka duba gadon halittarsu. Marasa tsintsiya ne, nawa, na hannuna, suna ta hayayyafa a cikin guba a hawa na sama kamar an ba su madara. Ƙwayoyin da na raina shekara uku, su ma sun bi bayansa.

Ɗalibar nan da kullum take maƙale da ni in duba mata lissafi, yau na gan ta a teburin wani. Da ta hango ni ta yi kamar tana neman biro a ƙasa.

Lahadi, 18 ga Mayu

Auta ta zubar da ruwa a kan takarduna, ɗan kaɗan ne ma, gefe ɗaya. Na daka mata tsawar da ta sa kofin ya suɓuce ya fashe. Ta tsaya tana kallona, ba ta ma iya kukan ba. Babanta ya zo ya ɗauke ta. Daga baya na ji tana tambayarsa ko ƙwayoyin Mama ne suka cije ta.

Na share gilashin ina hawaye, kuma duk haushin Tsaf-tsaf nake ji. Shi ya jawo.

Abin da ban faɗa wa kowa ba: na fara tsoron kwalabena. Ina kallon romon garau ina cewa, to in ba tsintsiyar ba ce fa? In wani abu nake yi da ban sani ba? Tambayar Baban Auta ce ta shige min kai ta ƙi fita, shi ya sa na ƙi yafe masa.

Talata, 20 ga Mayu

Farfesa ya gaji da hawa da sauka, gwiwarsa ba ta so. Ya ce gobe tebur ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, kowa ya yi nasa a gaban ɗan'uwansa. Na ce ni ba zan shaƙi iska ɗaya da shi ba. Ya ce to in riƙe numfashina.

Laraba, 21 ga Mayu

Wayyo Allah. Bari in rubuta yadda aka yi.

Na jera kayana yadda na saba: manyan kwalabe masu faɗin gindi, romo ɗan kaɗan a ƙasa, in ɗora takardar alminiyom a baki sako-sako. Shi kuma ya sauko da tirensa a rufe da tawul, ya goge rabin teburinsa, ya goge iyakar da ke tsakaninmu, ya buɗe. 'Yan siraran kwalabe masu murfin murɗawa, irin na asibiti. Ya cika kowacce har wuya. Ya zuba ƙwayoyi, ya zuba NO, ya kama murfi ya murɗa har sai da ya yi ƙara, ya sake murɗawa, ya goge da sifirit.

Ina kallon hannunsa, ashe shi ma nawa yake kallo, ido waje.

"Yaya, haka kike barin ƙwayar cuta baki buɗe?"

Na ce kai kuma haka kake shaƙe su?

Ya ce a asibiti in aka ga murfinka a sassauce takardar gargaɗi za ka sha, ƙwayar majiyyaci ce, ba a wasa da ita. Kuma a hanyar da na rubuta cewa na yi a sa a injin girgiza a zafin jiki, ya sa, ya girgiza. Gaskiya ne, haka na rubuta. Wa yake rubuta a bar murfi sako-sako? Kamar ka rubuta a buɗe ido kafin a duba madubin ƙara girma. Haka aka koya min, haka duk wanda na sani yake yi.

Kwalba cike, murfi gam, ƙwayoyin suna cinye ɗan oksijin ɗin da ke ciki kafin ka wanke hannu. In babu oksijin, tsintsiyata ba ta da aiki, da mai ita da marar ita duk ɗaya ne. A nan ƙwayar takan jawo tsintsiya ta biyu, wadda ba ruwanta da oksijin, ta mayar da NO wata iskar da ba ta cutar da ita. Wannan ta biyun kuwa ban taɓa ta ba, duk suna da ita. Tana cikin kowane littafi. Ni da kaina na zana ta a allo ga 'yan aji uku bara.

Na yi dariya har na riƙe tebur. Ba dariyar daɗi ba ce. Farfesa ya ce a yi hanya huɗu, kowace ƙwaya a buɗe da a rufe. Tsaf-tsaf ya yi tsuru-tsuru, tawul a hannu.

Alhamis, 22 ga Mayu

A buɗe, marasa tsintsiya garau. A rufe, fari. Ko ni na zuba ko shi ya zuba.

Na ɗauki tiren na zaga da shi tebur-tebur, har teburin mai "hmm". Na ce ta duba da kyau, ko tana bukatar tabarau in aro mata na Farfesa.

Juma'a, 23 ga Mayu

Farfesa kamar an yi masa bushara. Ya ce magana ta ƙare, ranar kwamiti zan nuna kwalaben nan huɗu, shi kuma ya rubuta kuskuren ma'aikaci ne, bai bi ƙa'idar kiwon ƙwaya ba. Takarda ta tafi, in kare digiri kafin hutu. Wa'adin gwajin Tsaf-tsaf a wurin aiki wata mai zuwa yake cika, kuma da irin wannan rahoto ba sai an faɗa ba.

Na ji daɗi. Na rubuta, na ji daɗi. Ya ɗanɗani abin da na ɗanɗana.

Baban Auta ya shigo da lemo da biskit wai murna. Ya ce dama shi ya san gaskiyata. Na ce ka sani? Yaushe? Ya sosa ƙeya. Na sha lemon dai.

Asabar, 24 ga Mayu

Na zauna shirya abin da zan faɗa wa kwamiti. Komai yana tafiya sumul har na iso jimlar ƙarshe ta takardata, wadda na fi so, wadda na haddace: in aka karya tsintsiyar, ƙwayar ba za ta iya zama a mafitsara ba.

A mafitsara.

Na ajiye biro. Mafitsara ba ta da faɗin gindi da romo ɗan kaɗan. Ba ta da takardar alminiyom a baki, kuma ba mai girgiza ta. Jaka ce a rufe, cike da ruwa, oksijin ɗin ciki ba yawa, in ƙwayoyi suka yi dandazo ma su cinye shi.

A'a. Ba zan yi wannan tunanin ba. Na tashi na wanke labulen da ba su yi datti ba.

Litinin, 26 ga Mayu

Na yi abin da na ce ba zan yi ba. Na tace fitsari, na zuba a irin kwalabensa, har wuya, na sa marasa tsintsiya da NO, na murɗe. Na tura su can bayan injin, na rubuta musu sunan wani abu daban. Don dai in huta da tunanin ne.

Talata, 27 ga Mayu

Sun girma.

Na tsaya da kwalbar a hannu kamar in buga ta da bango. Shekara uku ina gina magani a kan ƙofar da ɓarawon ba ta nan yake shiga ba. Abin da na gani gaskiya ne, ban ƙara ko ɗigo ba, amma gaskiyar cikin kwalbata ce. Ta cikin jikin mutum kuwa, wannan mai goge-gogen ne ya fi kusa da ita, kuma bisa kuskure! Bai ma san ya yi ba. Wannan ya fi komai ƙona min rai. Da a ce wayo ya yi da na haƙura.

Na ɗan taɓa wa Farfesa zancen, a kaikaice, ban ce na gwada ba. Ya ɗaga hannu. "Wannan wani binciken ne daban, 'yata. Kwamiti tambaya ɗaya ya yi, kin yi ƙarya ko ba ki yi ba. Ki amsa abin da aka tambaye ki ki fito."

Kuma yana da gaskiya. Ba ƙarya ko ɗaya a cikin abin da zan nuna. Ba wanda ya san da kwalbar bayan inji sai ni.

Laraba, 28 ga Mayu

Tsaf-tsaf ya same ni ina wanke kwalabe. Ya tsaya nesa kaɗan, hannu a baya. Na lura aljihun teburinsa a buɗe, ya kwashe kofinsa da hoton matarsa, har ya goge cikin aljihun, don wanda zai gaje shi.

"Yaya, ki yafe min. Ni na ɓata, na kuma ɓata miki suna. Gobe zan faɗa musu haka."

Na ƙara buɗe famfo don kar in ji sauran. Wa ya aike shi? Wa ya ce ya zo ya ba ni haƙuri? Da ya tsaya ya yi gardama, da ya ce laifin rubutuna ne, da na samu abin riƙewa. Ya zo ya miƙo wuya kamar rago ya bar ni da wuƙa a hannu.

Ba ruwana. Ni ma ina da 'ya, ina da uwa mai jiran ɗinki. Shi ya fara.

Alhamis, 29 ga Mayu

Mutum biyar a dogon tebur, ruwan roba a gaban kowa. Shugabar wata dattijuwa ce daga sashen haɗa magunguna, mai magana a hankali kamar tana auna kowace kalma a cokali. Na nuna kwalabe huɗu, na yi bayanin tsintsiya ta ɗaya da ta biyu. Suna gyaɗa kai. Na ji nauyin da na yi makonni ina ɗauke da shi yana sauka. Farfesa yana murmushi. Tsaf-tsaf yana can ƙarshen ɗaki a kujerar roba, ya haɗa gwiwoyi.

Shugabar ta ce, "Ke nan sakamakonki yana nan daram, matsalar daga ma'aikacin ce. Haka ne?"

E kawai zan ce. Na shirya ta, tana bakina.

Ban san me ya kai hannuna jaka ba. Tun safe na ɗauki hoton kwalbar bayan inji a waya, wai don in goge. Na miƙa mata wayar. Na ce sakamakona gaskiya ne, nasa ma gaskiya ne. Ban rubuta maganar murfin a hanyata ba, ba yadda zai sani. Na ce kuma wannan fitsari ne, a rufe, kuma sun girma, don haka jimlar ƙarshe ta takardata ba za ta tsaya ba. Ina maganar haushi kawai nake ji, ba komai ba. Haushin kaina, da nasa, da na ƙwayoyin, da na matar da ta yi tambayar.

Wayar ta zaga tebur. Farfesa ya cire tabarau bai mayar ba.

Sun wanke ni. A rubuce, ba ƙirƙira, ba maguɗi. Shi ma ba laifi a kansa. Takarda kuwa a janye a sake gini, sai an cire tsintsiya ta biyu ita ma an ga abin da zai faru. Shekara guda, in an yi sa'a.

A waje ya biyo ni yana Yaya, Yaya. Na ce in ya kuskura ya gode min sai na fasa masa tire a ka.

Juma'a, 30 ga Mayu

Farfesa ya amsa gaisuwata da hanci.

Lahadi, 1 ga Yuni

Na faɗa wa Inna. A waya muka yi maganar. Ashe ta riga ta yanki atamfar, ta kai wa tela. Ta ce, "To wa ya hana ki?" Na ce ba kowa, ni ce. Ta ce ita ba ta gane wannan karatu ba, mutum ya ci jarrabawa ya ce a'a. Sannan ta ce za ta sa telan ya bar ɗinkin da ɗan sarari, ko za ta yi ƙiba kafin baɗi.

Na kashe wayar na shiga banɗaki na yi kukana. Auta ta turo min biskit ta ƙarƙashin ƙofa.

Laraba, 4 ga Yuni

An liƙa sunayen masu kare digiri na bana a allon sanarwa. Na karanta daga sama har ƙasa, na san ba na ciki, na dai karanta. Mai "hmm" tana ciki. Ta ce min sannu, na ce yauwa.

An sabunta wa Tsaf-tsaf kwantiragin aikinsa. Kofin ya dawo, hoton matar ya dawo, ya goge teburin kamar wani ya mutu a kai.

Na fara shirin cire tsintsiya ta biyu. Aikin wata da watanni ne, kuma babu tabbas, wataƙila akwai ta uku tana jirana a ɓoye, waɗannan 'yan banzan ba su rasa dabara. Na sake rubuta hanyar aiki tun daga farko. Girman kwalba, yawan romo, irin murfi, yadda ake ɗora shi. Shafi ɗaya ya zama huɗu, karanta shi ma gajiya ne.

Har yanzu ina jin haushinsa, kar a yi zaton wani abu. In ya fara goge-gogen nan ji nake kamar in yi ihu. Amma duk abin da ya fito daga sababbin ƙwayoyin, shi zai fara maimaitawa a sama kafin Farfesa ko wani ya gani. Ba Farfesa ne ya sa ba. Ni na hau na same shi na faɗa masa, a tsaye, ban zauna ba.